Naman Suna a Bayan Ƙofar Kicin

Mijina mutumin Zariya ne, malamin Ingilishi, kuma irin malaman nan ne da in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun fara ba ka tarihin agogo. A Paris muka haɗu, farkon shekarun dubu biyu. Shi yana karatu a jami'a can Saint-Denis, ni kuwa 'yar Damagaram ina zaune wurin yayata a unguwar Goutte d'Or ina yi wa mata kitso. Abin da yake riƙe kansa da shi a lokacin shi ne koya wa 'yan Sin Ingilishi. Wani mai kanti ne ya fara kawo masa ɗiyarsa, ɗiyar ta kawo ƙawarta, ƙawar ta kawo rabin danginta. Da muka yi aure ya samu aiki a Lyon, muka koma unguwar Minguettes, can sama a wani dogon bene, ɗaki biyu da falo da kicin. Na ɗauka mun rabu da su ke nan, ashe na Paris sun riga sun ba 'yan uwansu na Lyon lambarsa. Teburin kicin ɗina ya zama aji tun kafin in gama jera tukwane.

Da na samu cikin fari, ya kamata in je gida in haihu a gaban uwata, kamar yadda ake yi. Hakan bai yiwu ba, sai aka yi ta fama da takardu har Inna ta samu biza ta zo. Ta iso ana gobe za a yi mini tiyata, don yarinyar ta ƙi juyowa. Inna doguwa ce, ƙaƙƙarfa, ta yi rayuwarta tana daka da jan guga. In ta riƙe hannunka a gaisuwa sai ka duba ko yatsunka sun cika. Ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta koya ba.

To, a nan aka samu matsalar da babu wanda ya hango, har ni mai yawan hangen. A wurinmu suruki ba ya kallon fuskar uwar matarsa, ba ya zama inda take zaune, ita ma ba ta kiran sunansa. Babba duka, ba ya cin abinci a gabanta. Ko ruwa zai sha sai ya juya baya, in ma ya sha ɗin. A gida wannan ba wahala ba ne, akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai katanga, mutum zai shekara bai yi ido biyu da surukarsa ba. Mu kuwa abin da muke da shi wani ɗan siririn lungu ne tsakanin ɗakuna, wanda in mutum biyu suka haɗu a ciki dole ɗaya ya shafi ɗaya.

Wallahi na sha kallo. Da safe zai zo bakin ƙofar ɗakin da take, ya tuɓe silifas ɗin da dama na cikin gida ne, ya durƙusa ya gaida ƙyauren. Ita kuma daga ciki ta amsa wa bango. Su tambayi juna kwana, da gajiya, da sanyi, da mai jego, da jaririya, alhali mai jegon tana zaune tsakaninsu tana kallonsu duka biyu. In ya ji motsinta a lungu sai ya faɗa banɗaki ya rufe, ya jira. Wata rana ita ma ta ji motsinsa ta koma ɗaki ta jira, kowa yana jiran kowa ya wuce, har shayin da na dafa ya huce. Da na yi magana sai ya ce mini ba zan gane ba, tarbiyya ce. Na ce tarbiyyar a gidanmu aka ƙirƙiro ta, amma mu ba mu taɓa yin ta a banɗaki ba.

Abincin ne ya fi ba ni haushi. Inna ta karɓe girki, kuma girkinta ba irin wanda ake wucewa ba ne. Ƙamshi zai cika gidan, a zuba masa nasa a rufe, shi kuwa ya yi ta zagaye kamar kyanwa. Kicin ba shi da makulli, falo a nan take zama da jaririya, ɗakinmu kuma ni ce kwance ita tana shigowa duba ni. Sai ya koma ci a tsaye bayan ƙofar kicin, kunne ɗaya a lungu, yana jefa loma yana haɗiyewa ba tauna. Na taɓa kama shi a baranda cikin sanyi da kwano a ƙarƙashin rigar sanyinsa. Maƙwabciyarmu 'yar Kamaru ta ce ta gan shi yana cin burodi a cikin asansar, na'urar nan mai hawa da mutane bene, ya hau ya sauka ya sake hawa. Mutum ne mai jiki, tumbinsa bai tafi ko'ina ba, amma fuskarsa ta faɗa.

Inna ba ta kallonsa, amma tana kallon kwanonsa. Bayan suna da ɗan lokaci, tana gasa mini jiki da tawul mai zafi, ta ce ta yanke shawara za ta koma gida. Bizarta ko rabi ba ta ci ba. Ta ce ba ta zo duniya don ta hana mutum cin abinci a gidansa ba, a gaya wa yayata ta Paris ta nemi a canza mata ranar jirgi.

Na ji kamar an zare mini ƙasa. Ɗinkin cikina bai warke ba, ko tashi daga gado sai an kama ni. Yarinyar nan in ta fara kuka ni ma kukan nake yi, don ban san abin da take so ba, Inna ce ke karɓarta ta juya ta sau biyu ta yi shiru. Tsoro nake ji, tsoro sosai, na a bar ni ni kaɗai da ita a saman benen nan. Na roƙe ta, na yi fushi, na ce duka su biyun sun haɗa kai ne su kashe ni da kunya. Ta ce in rage murya, yana ji. Na same shi na ce ya zauna ya ci abinci kamar mutum ko Inna ta tafi. Ya ce shi ma ba ya so ta tafi, amma in ya ɗaga loma a gabanta hannunsa ba zai kai baki ba. Ya faɗi haka da gaske, har na kusa tausaya masa.

A cikin wannan hali ne wata ɗalibarsa ta zo darasi. 'Yar Sin ce, 'yar ƙarama, in ta tsaya kusa da shi kanta a ƙirjinsa yake tsayawa. Tana aiki a gidan renon yara, tana kuma shirin jarrabawar Ingilishi don tana so ta tafi Kanada karatun jinya. Yarinya mai ladabi, kullum sai ta tuɓe takalmi a ƙofa, abin da ya sa Inna ta ce iyayenta mutanen kirki ne. Ranar nan ta zo da wata kalma, wadda ta gani a littafin taimakon gaggawa, kalmar da Turawan Ingila ke faɗi in abu ya tsaya wa mutum a maƙogwaro. Tambayarta ɗaya ce, yaya ake sa ta a jimla.

Ina falo ina shayarwa, ƙofa a buɗe, ina jin komai. Na san an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce mata wannan kalma ba ƙaramar kalma ba ce. Da ita ake cewa abinci ya shaƙe mutum, da ita ake cewa wani ya shaƙe wuyan wani. Hayaƙi in ya cika ɗaki ita ce, hanya in ta cushe da motoci ita ce, ciyawa in ta danne shuka ita ce. Mutum in kuka ya tokare masa murya ita ce dai, har ɗan ƙwallon da ya rikice a gaban raga ana kallonsa. Kowace sai ya ba da misali, ya sa ta maimaita, ya gyara mata baki. Daga falo na ce Ingilishin nan rowa gare shi, mu da muke da ƙwarewa da shaƙewa da maƙalewa da cushewa, su sun tara komai a kan kalma guda kamar kayan 'yan gudun hijira. Ya ce in bar aji ya yi aikinsa. Har tashi ya yi ya kama wuyansa da hannu biyu yana zaro ido, yana nuna mata ma'anar farko, tana ta dariya tana rufe baki.

Abin da ban sani ba shi ne tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Bayan ƙofar kicin akwai wani kanta, a kansa Inna ta ajiye tukunyar naman suna, soyayyen naman ragon nan da ake soyawa ya bushe ƙarau don ya daɗe. Ya ba ɗalibar jimloli ta rubuta, ya zagaya bayan ƙofa, ya zaɓi tsoka babba ya jefa a baki. Daidai nan Inna ta taso daga ɗaki za ta ɗora ruwan wankana. Da ma ba ta shiga kicin in ana darasi, amma ranar ta ji shiru ta ɗauka an tashi.

Ta turo ƙofa, ga surukinta da kumatu cike. Wani mutum daban da sai ya juya baya ya tauna, ko ya tofar a hannu. Nawa mijin, don kada uwar matarsa ta ga bakinsa yana motsi, haɗiye tsokar ya yi ɗungurungum.

Na ji dariyar ɗalibar, don ta ɗago ta gan shi riƙe da wuya ta ɗauka bitar darasi ake yi. Sai dariyar ta yanke. Ta kira ni da wata irin murya, na ajiye yarinya a kan kujera na taso ina dafa bango. Na same shi ya juya wa Inna baya, ba tari, ba magana, ba numfashi, kuma yana laluben hanyar fita waje. Daga baya ya ce mini so yake ya kai matakala, kada abin ya faru a gabanta. Ku ji fa. Mutum yana mutuwa yana neman inda zai mutu da ladabi.

Inna ta yi abin da duk muka sani, ta ɗebo ruwa a kofi tana miƙa wa bayansa tana cewa sannu. Ɗalibar ta ture kofin, ta tare ƙofa, ta sunkuyar da shi ta shiga dukan tsakiyar bayansa da tafin hannu. A wurin aikinsu an koya musu wannan. Babu abin da ya fito. Ta zagaya ta rungumo shi ta baya, amma hannayenta ba su haɗu a kan tumbin ba, ta yi ɗage, ta ja, ko gezau. Na matso, ta dubi cikina ta ce a'a, ɗinkin zai ɓalle. Ta miƙa mini wayarta ta ce in kira 'yan pampiye, wato 'yan kwana-kwana, su ake kira a nan in abu ya faru, sannan ta kama hannayen Inna biyu tana jan ta zuwa bayansa. Ta ce in gaya mata ta dunƙule hannu ɗaya a saman cibiyarsa, ta riƙe da ɗayan, ta ja ciki da sama da duk ƙarfinta.

Na fassara. Inna ta tsaya, hannayenta a sama, ta dube ni.

"Surukina ne fa," ta ce.

"Inna, mutuwa zai yi."

Leɓɓansa sun riga sun canza launi, gwiwoyinsa sun fara lanƙwashewa. Inna ta yi bisimilla, ta rufe ido, ta rungume shi. Ja na farko ƙafafunsa suka bar ƙasa. A na gaba tsokar ta yi tsalle ta bugi murfin tukunya ta faɗa kan takardar ɗalibar, a tsakiyar jimlolin da take rubutawa. Ya ja wani numfashi mai ƙara, ya zube a ƙasa yana tari, hawaye na zuba. Ni ma na zauna a ƙasan, wayar a hannuna ana ta magana a ciki. Da ya samu murya, kansa a sunkuye, abin da ya fara cewa shi ne, "Sannu da aiki, Inna." Ita kuma ta amsa wa firji, ta ce yawwa, ta fita.

'Yan pampiye suka zo suka duba shi, suka tafi da shi asibiti a ƙara dubawa, aka ce haƙarƙarinsa ya ɗan bugu amma babu karaya. Likitan ya tambayi wa ya yi masa wannan jan, ya ce a gaishe shi. Ɗalibar kuwa ta ce har ta mutu ba za ta manta kalmar nan ba, duk da cewa ma'ana ɗaya ta tambaya.

Na ɗauka abin zai sassauta tsakaninsu, ashe ƙara tsananta zai yi. Da ma kunyar ci ce, yanzu ga kunyar runguma. Gaisuwar safe ta koma daga can ƙarshen lungu. Inna ta ciro jakarta daga ƙarƙashin gado ta fara ninke zannuwa. Ta ce ai ga shi na gani da idona, zamanta ya kusa mayar da ni bazawara da ɗanyen jego. Gaskiya kuwa ta faɗa. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na gaya masa jaka ta kusa cika, kuma in Inna ta tafi kada ya sake yi mini maganar tarbiyya har abada.

Bayan sallar azahar na ga ya tashi, yana dafe da haƙarƙari, ya je bakin ƙofarta ya durƙusa. Wannan karon ƙofar a buɗe take. Ya ce, "Inna, don Allah kada ki tafi saboda ni. Ba za mu iya yarinyar nan mu kaɗai ba."

Ta daɗe tana ninke zane ɗaya. Sannan ta tashi ta wuce ta gefensa, ta shiga kicin, ta zubo tuwo da miyar kuka, ta kawo falo ta ajiye a kan tabarma. Ta zauna a gefe, fuskarta wajen taga.

"Zo ka zauna," ta ce. "Na riga na ɗaga ka sama kamar buhun gero, me kuma ya rage? Wanda na ɗauka da hannuna ɗana ne. In ka ci, in zauna. In ba ka ci ba, gobe ina Paris."

Ban taɓa ganin mutum ya yi gumi a kan malmalar tuwo ɗaya kamar ranar ba. Ya wanke hannu ya fi sau nawa. Ya gutsuro 'yar loma da ko jaririyar za ta raina, ya ɗaga, hannun ya tsaya a hanya, ya sake ɗagawa. Ni ina kujera na toshe baki da zanen goyo don kada dariya ta ɓata mini aiki. Lomar ta shiga. Ya yi niyyar haɗiyewa yadda ya saba, sai Inna, ba ta ko waiwayo ba, ta ce, "Tauna." Tuwo ne fa, babu abin taunawa a ciki, amma ya tauna. Ya cinye kwanon tas, ta ƙara masa, ya cinye. Da yamma na ga jakar ta koma ƙarƙashin gado.

Ta zauna har ranar ƙarshe ta bizarta. Har ta tafi ba ta kira sunansa ba, shi ma bai kalli fuskarta ba, amma kullum tare ake ci, ita tana kallon taga tana ba da umarni. Ta sake zuwa a haihuwata ta biyu, lokacin mun dawo Saint-Denis, aka ɗora daga inda aka tsaya. In na kira ta a waya kuwa, bayan ta tambayi yara, sai ta ce, shi wancan yana taunawa? In ce yana taunawa, Inna. Yaran suka tashi da kalmar a bakinsu. Ita babbar, wadda aka yi duk wannan a kan sunanta, tun tana 'yar mitsitsiya in ta ga ubanta yana sauri a kan abinci za ta ɗaga yatsa ta faɗa masa da muryar kakarta, mu yi ta dariya.

Inna ta rasu a Damagaram, yarinyar tana gab da gama firamare. Ni na samu na je, shi ya zauna da yara. Da na dawo na tarar ya sake faɗawa kamar wancan lokacin, maƙwabta suka ce abincin da suke kawowa yara ne kawai ke ci. Na yi tuwo da miyar kuka na ajiye a tabarma, na ce ya zo ya zauna, ba na son gardama. Ya zauna, ya gutsura, ya sa a baki don in ƙyale shi, yana shirin haɗiyewa. Yarinyar ta dube shi, ba da wasa ba wannan karon, ta ce, "Abba, tauna."

Ya sunkuyar da kai yadda yake yi a bakin ƙofarta. Ya daɗe yana tauna lomar nan, hawaye na sauka a gemunsa. Da ya haɗiye sai ya miƙa hannu ya gutsuro wata.